Sharhi: Attajiran Faransa sun sayi makarantar ƴan jarida, mu wa zai horar da namu?

Jama'a masu saurarenmu a karkara, da ƴan uwa na ci-rani masu karanta mu ta salula, akwai wani ciniki da aka yi a birnin Paris a watan Nuwamban 2024 wanda bai yi ƙara ba a nan. Lokacin hankalinmu na kan kaka da gyaran gidajen da ambaliyar daminar ta rusa, musamman a Maraɗi da Damagaram. Amma cinikin ya cancanci a dawo kansa, don yana da darasi ga wannan ƙaramar radiyo da kuke kunnawa kullum bayan sallar magariba.

Abin da aka sayar makaranta ce. Sunanta ESJ Paris, an kafa ta a 1899, kuma tana cikin makarantun koyon aikin jarida mafi tsufa a duniya. Waɗanda suka haɗa kuɗi suka saye ta sanannu ne. Akwai kamfanin Vincent Bolloré, wanda iyalinsa ke da babban hannu a Canal+ da tashar CNews da radiyon Europe 1 da jaridar JDD. Akwai na Bernard Arnault, attajirin kayan ƙawa da turaruka, mai jaridun Les Échos da Le Parisien. Akwai na Rodolphe Saadé, mai jiragen ruwan CMA CGM, wanda ya sayi tashar BFMTV da radiyon RMC a 2024. Akwai kuma gidan Dassault, masu ƙera jiragen yaƙi, waɗanda jaridar Le Figaro ke hannunsu. Kamfanin Bayard, mai jaridar La Croix, ya shiga cinikin da farko, amma da ma'aikatansa suka tada ƙura sai ya janye.

Ku duba da kyau. Ba ɗaya cikin waɗannan mutane da ya yi arzikinsa da sayar da jarida. Dukiyarsu daga tashoshin jiragen ruwa take, da turare, da makamai. Sun fara sayen bakin da ke magana, yanzu kuma sun sayi wurin da ake koya wa bakin magana.

Abin da ya faru a gidajen da aka saya

Mai saurare zai iya cewa, to mene ne a ciki? Mutum da kuɗinsa ya sayi abin da yake so. Amsar tana cikin abin da ya faru a gidajen da suka shiga hannun Bolloré.

A 2016 ƴan jaridar tashar i-Télé sun yi yajin aiki na kwana 31 suna neman a ba su tabbacin cewa mai gida ba zai riƙa sa musu baki a labarai ba. Ba su samu ba. Kusan mutum 100 suka ajiye aiki, kuma a 2017 tashar ta koma CNews, wadda yau aka fi sani da muhawarori masu zafi kan baƙi da Musulmi da tsaro. A 2023 ma'aikatan JDD su ma sun yi kwana 40 suna yajin aiki don ba su yarda da sabon shugaban da aka naɗa musu ba, mutumin da ya fito daga wata mujalla ta masu tsananin ra'ayin riƙau. A ƙarshe shi ya zauna, da yawa daga cikinsu suka tafi. Lamarin tattara kafofi a hannu kaɗan ya kai har majalisar dattawan Faransa ta kafa kwamitin bincike, ta kira Bolloré da Arnault suka amsa tambayoyi a farkon 2022.

Don a yi adalci, masu sayen suna da tasu hujja. Jaridu na asara a ko'ina, don kuɗin talla sun koma aljihun Google da Facebook, kuma in ba mai kuɗi ya shigo ba wasu gidajen rufewa za su yi. Ita ma ESJ Paris ba ta cikin makarantun da ƙungiyoyin sana'ar suka amince da su a Faransa, saboda haka ba ita kaɗai ce ƙofar shiga aikin ba. Duk da haka abin da ya tsorata mutane a fili yake. A da, in mai gida ya so juya akalar jarida, sai ya yi faɗa da ma'aikatan da aka horar a wani wuri, masu sanin abin da ya halatta da abin da bai halatta ba a sana'ar. In makarantar ma tasa ce, ba sai an yi faɗa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me ya haɗa mu da wannan?

Sunan Bolloré ba baƙo ba ne a Nijar. Kamfaninsa ne ya shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, wanda aka yi bikin buɗewa a watan Janairun 2016 amma har yau ba shi ke kai mutane da kaya ba. Duk gidan kallon ƙwallo da ke Maraɗi ko Tawa ko Konni ya san Canal+. A watan Satumban 2025 kuma Canal+ ya karɓi ragamar MultiChoice na Afirka ta Kudu, wato masu DStv da ƴan uwanmu ke kallo a Kano da Legas da Akara. Ke nan manyan kamfanonin tele na biya guda biyu na nahiyar, na masu Faransanci da na masu Turancin Ingilishi, sun koma ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Ƙasar Togo ta nuna yadda kasuwanci da labari ke cakuɗewa. A 2017, lokacin da kamfanin Bolloré ke riƙe da wani sashe na tashar jiragen ruwan Lome, Canal+ ya watsa rahoto kan zanga-zangar da ake yi wa shugaba Faure Gnassingbé, daga baya aka cire rahoton daga shafukan tashar na intanet. A 2021 kamfanin ya amince ya biya tarar yuro miliyan 12, kusan miliyar 8 na sefa, don a rufe masa shari'ar cin hanci da ta shafi Togo a kotun Paris. Wanda ke da kwangila da gwamnati kuma yake da tashar tele, ranar da maslahar biyun ta yi karo, kowa ya san wadda za a yanka.

Tamu matsalar kamanninta daban

A nan gida ba mu da attajiri guda da ya saye kafofin ƙasar duka. Tamu cutar talauci ce. Amma talaucin ma inda yake kai mu ke nan, don gidan radiyon da ba ya iya biyan ma'aikatansa ba sai an saye shi ba, haya ake ɗaukarsa.

Mu tuna daga inda aka taso. Shekaru da dama Muryar Sahel da Tele Sahel da jaridar Le Sahel su kaɗai ne bakin ƙasa. Jaridar Haské mai zaman kanta ta fito a 1990, aka yi babban taron ƙasa a 1991, sannan gidajen radiyo masu zaman kansu irin su R&M da Anfani suka biyo baya a cikin shekarun 1990. A 1999 aka buɗe radiyon karkara ta farko a Bankilare, mai aiki da hasken rana, kuma yau irinta sun haura 100 a faɗin ƙasa. A 2010 aka yi dokar da ta hana ɗaure ɗan jarida saboda laifin aikinsa. Wannan ba ƙaramar tafiya ba ce.

Sai dai in ka duba su wa ke riƙe da makirufo, hannuwa uku za ka gani. Na farko gwamnati. Na biyu ɗan kasuwa ko ɗan siyasa, wani lokaci mutum guda ne da riguna biyu, mai radiyo da tele a gida ɗaya, kuma galibinsu a Yamai suke. Na uku ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya ƙasa na ƙetare, masu sayen lokaci don shirin da suka zaɓa. Shi kuwa ɗan rahoto, wanda albashinsa kan yi wata da watanni bai fito ba, da ɗan abin da aka ba shi a ƙarshen taro yake cefane, ko a kira shi kuɗin mai ko perdiyam. Ba zagin kowa muke ba, mu ma cikin sana'ar muke. Amma Hausawa sun gama magana: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A shekarun nan kuma muryoyin sun ƙara raguwa ta fuskoki da dama. An dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023. An dakatar da ayyukan Gidan Ƴan Jarida na Yamai a watan Janairun 2024. A watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet. A watan Disamban 2024 aka dakatar da BBC. A watan Maris na 2025 Muryar Amurka ta yi shiru, wannan karon bisa umarnin gwamnatin Amurka da kanta, kuma rufe hukumar USAID ya tsayar da tallafi da yawa a Afirka. Masu saurarenmu sun rabu kan waɗannan matakai. Wasu na cewa kafofin waje sun daɗe suna yi mana hukunci daga nesa, wasu na cewa an toshe musu kunne guda. Ko wane ɓangare kake, lissafin ɗaya ne: nauyin sanar da talaka abin da ke faruwa ya dawo kan ɗan rahoton gida. In bai iya ba, saƙon murya na WhatsApp ne zai cike gurbin, wanda ba a san wa ya yi shi ba, ba a san ranar da aka yi shi ba.

To wa ke koyar da shi?

Ku tambayi duk mai magana a radiyon karkara yadda ya fara. Mafi yawa labarin iri ɗaya ne. Malamin lakwal ne ko matashi mai daɗin murya ko mace mai iya jan hira, aka ce zo ka taimaka. Ya fara da gaishe-gaishe da sanarwar ɗaurin aure da cigiyar dabbar da ta ɓata, wata rana aka miƙa masa labarai. Horon da ya samu bai wuce bitar kwana uku ko biyar ba, kuma wanda ya biya kuɗin bitar shi ya zaɓi darasin: yau allurar rigakafi, gobe auren wuri, jibi ci-rani ta hamada. Duk abubuwa ne masu amfani. Amma da wuya a tara mu a koya mana yadda ake karanta kasafin kuɗin kwamin, ko yadda ake tabbatar da labari daga bakin mutum biyu da ba su haɗa baki ba, ko abin da doka ta kira ɓata suna, ko yadda ake ba da labarin rikicin manoma da makiyaya ba tare da an zuba wa wuta fetur ba.

Ƙasa tana da makarantarta ta gwamnati a Yamai, wadda aka daɗe da sani da IFTIC, yanzu ake kira ESSCOM, kuma ta yaye da yawa daga cikin muryoyin da muka tashi muna ji. Maƙwabta ma suna da irinta: CESTI a Dakar tun 1965, ESSTIC a Yawunde, da makarantar da Kwame Nkrumah ya buɗe a Akara a 1959. Shugabannin farko sun gane cewa horar da ɗan jarida aikin ƙasa ne kamar horar da malami ko ungozoma. Amma yarinyar da ke gabatar da shirin mata a wani ƙauyen Tasawa ko Madawa ko Magarya, mai aure da ƴaƴa da gona, wadda karatun bokonta ya tsaya a tsakiya, yaushe za ta je Yamai ta zauna shekaru tana karatu da Faransanci? Ita ce kuwa dubban mutane ke ji kullum.

Ga kuma wani abu sabo. Kundin sake gina ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. In da gaske ake, wurin farko da ya kamata a ga alamar hakan shi ne ajin koyon aikin jarida. Mai labarai da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Buzanci ko Barbarci yana buƙatar littafin koyo da ƙamus na kalmomin shari'a da kasafi da kiwon lafiya a harshen da yake aiki da shi. Yanzu kowa fassara yake yi da ka, a gaban makirufo, kuma kuskuren kalma ɗaya a labarin kotu na iya kai mutum gidan kaso.

Kuɗin jama'a, ba kyautar gwamnati ba

Ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne baitulmali ya ɗauki nauyin horar da ƴan jarida, har da na karkara. Mun san tambayar da za ta biyo baya, kuma tambaya ce mai nauyi: in attajiri ya biya ya juya ka, gwamnati in ta biya ba za ta juya ka ba? Za ta iya mana. Tarihi cike yake da makarantun gwamnati da suka yaye maroƙa masu takardar shaida. Roƙo sana'a ce mai asali a ƙasar Hausa, kuma maroƙi bai taɓa ɓoye wanda yake wa kirari ba. Abin tsoro shi ne maroƙin da ya sa rigar ɗan jarida.

Amma akwai bambanci tsakanin aljihun attajiri da baitulmali. Kuɗin attajiri nasa ne, ba ka da bakin tambayarsa. Kuɗin baitulmali na mai sayar da albasa ne a Galmi, da mai kai rago kasuwa, da duk wanda ya biya haraji ko kuɗin fito. Dama can jama'a na biya: mai takardar wutar NIGELEC ya san akwai ɗan kason radiyo da tele na ƙasa a ciki, kuma doka ta daɗe da tanadar asusun tallafa wa kafofin labarai masu zaman kansu. Tunda kuɗin namu ne, muna da ikon gindaya sharaɗi. Ga waɗanda muke ganin in babu su gara a bar abin.

Na farko, kada minista ko gwamna ya zaɓi wanda za a horar. A yi kwamitin da ya haɗa malaman sana'ar, wakilan gidajen radiyon karkara, ƙungiyoyin manoma da makiyaya da mata, a ba su wa'adin da ba ya ƙarewa ranar da aka sauya gwamnati. A shiga ta jarrabawa, a karanta sunayen waɗanda suka ci a radiyo.

Na biyu, horon ya zo inda mutane suke. Akwai jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, da ta André Salifou a Damagaram, da ta Djibo Hamani a Tawa. Za a iya shirya zango-zango da rani, bayan an gama aikin gona, har mutum ya haɗa takardar shaidar da ƙasa ta sani. A ware wa mata gurabe, a yi la'akari da masu goyo.

Na uku, a rubuta darussan a fili kowa ya gani, kuma a ciki har da yadda ake yi wa mai mulki tambaya cikin ladabi ba tare da tsoro ba. Makarantar da ba ta koyar da wannan ba, sanƙira take horarwa.

Na huɗu, kowace shekara a faɗi nawa aka kashe da inda aka kashe. Haka kuma kowane gidan radiyo da tele da jarida ya bayyana masu shi da manyan masu ba shi kuɗi, har da mu. A kuma sa iyaka kan yawan tashoshin da mutum guda zai mallaka tun yanzu da abin bai yi nisa ba. Faransa ta tsaya muhawara har aka saye gidajen. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wannan ba baƙon tunani ba ne. Sanarwar Windhoek ta ranar 3 ga Mayun 1991, wadda ƴan jaridar Afirka suka rubuta a Namibiya, ta yi kira da a kawo ƙarshen babakere kowane iri a harkar jarida, na gwamnati ko na ɗan kasuwa, ta kuma sa horo cikin abubuwan gaggawa. Mu ma muna da namu tarihin. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren radiyo a Nijar, inda mutanen ƙauye ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a maida wa gidan radiyo. Iyayenmu sun san radiyo ba ta magana ita kaɗai.

Ina dimokuraɗiyya a cikin wannan?

Wani zai ce ana maganar dimokuraɗiyya alhali an rusa jam'iyyu, kuma an tsaida wa'adin shekara 5 tun daga Maris na 2025. Mu a ganinmu wannan ne ma ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun kwamin aka naɗa kantomomi. Kansilan da kuke tarewa a kasuwa ku tambaye shi ina aka kwana kan rijiya ko ajin lakwal, yanzu babu shi. Wanda ya rage da zai iya zuwa buro ya yi tambayar a madadinku, ya dawo ya faɗa muku amsar da harshenku, shi ne ɗan rahoton radiyo. Buhu nawa na takin zamani ko na hatsi mai rahusa aka kawo, wa aka ba, nawa aka sayar? Harajin kasuwa nawa aka tara a wata? Shugaban da ke aiki tsakani da Allah ba ya tsoron waɗannan tambayoyi, don su ne ke wanke shi daga zargi. Kuma ranar da aka dawo zaɓe, mutanen da suka saba jin lissafi ba su da sauƙin saye da sabulu da turmin atamfa.

Ƴan uwa na Abijan da Legas da Tamanrasat da Sabha da sauran wurare, ku ma kuna da hannu a ciki. Da yawanku kun saya wa radiyon garinku batir ko faifan sola, Allah ya saka da alheri. In za ku ƙara, ku yi tunanin ɗaukar nauyin karatun yaro ko yarinya guda daga cikin ma'aikatan, amma ta hannun kwamitin gudanarwa, a rubuta, a sanar. Gudummawar da mutum ɗari suka haɗa ba ta da ubangida. Ta mutum guda kuwa, ko da kyakkyawar niyya ya bayar, wata rana za a ji kunyar faɗin labarin da ya shafi ƙaninsa.

Ku kuma masu saurare na gida, radiyon karkara taku ce a doka da kuma a aikace. Ku halarci taron shekara in an kira. Ku tambaye mu wa ya biya kuɗin shirin kaza, wane horo mai labaranmu ya samu, me ya sa ba mu taɓa maganar abu kaza ba. Tambayar za ta yi mana ɗaci wani lokaci, amma gara ta fito daga bakinku. Muna jiran ra'ayoyinku a shirin da kuke bugo waya, kuma za mu karanta na masu goyon baya da na masu suka baki ɗaya.